Shekarar da Na Ba Ɓeraye Kanwa

Samarin unguwarmu a nan Gumel suna kirana Baba Mai Ɓera, kuma ba na jin haushi, domin gaskiya suka faɗa. Sunana Haladu, mutumin Ɗanzomo, karatuna bai wuce aji shida na firamare ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a 'yan watannin nan samari huɗu sun zo mini da magana iri ɗaya. Sun ji cewa mutanen jami'a suna sayen fararen ɓeraye, suna so in ba su mace da namiji su ma su fara. Ɗaya daga cikinsu, mai tuƙa keke napep, ya ce mini ai ɓera ko a rumbu haihuwa yake yi ba wanda ya kira masa ungozoma. Na yi dariya tare da su. Amma na ga ya kamata in zayyana yadda aikin yake, kafin wani ya sayar da kekensa.

Tankaɗe dusar katako shi ne aikin farko da aka ba ni. Wanda ya koya mini sana'ar, Malam Isiyaku, ya yi shekaru yana kula da ɗakin dabbobi a wata jami'a. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida, ya gina ɗaki biyu a bayan gidansa ya ci gaba da kiwon. Ni a lokacin dako nake yi a kasuwar hatsi. Ya ga ina ƙirga buhuna, in gama, in koma in sake ƙirgawa, abokan aikina suna yi mini tsiya, sai ya ce irina yake nema. Wata uku ban taɓa ɓera ko ɗaya ba. Kullum ina wajen masu yankan katako ina ɗebo dusa, ina shinshina ta buhu-buhu, saboda in ta fito daga katakon da aka shafa wa maganin gara, ɓeran da ya kwanta a kanta ba zai yi kwana uku ba. In na kawo sai a shanya ta kwana biyu a rana, a tankaɗe garin a zubar, a bar manyan. Garin shi ne ke shiga huhunsu.

Ranar da Malam ya ce in ɗauko ɓera, na kama shi ta ƙarshen wutsiya kamar yadda muke yi a ƙauye. Ya buge mini hannu. Ya ce fatar wurin tana iya salluɓewa ta bar ni da ita a yatsa. Ana sa hannu ne a hankali ta ƙarƙashin ƙirji, babban yatsa a bayan kafaɗa, ɗaya hannun ya tallafi ƙugu. Ɓeran da aka saba ɗauka haka yana kwanciya a hannu kamar ɗan mage. Wanda ake fizga kuwa tsoro yake ji, kuma ɓera mai tsoro ba ya amfanar mai bincike, domin jininsa da cinsa da barcinsa duk sun canza. Na sha cizo kafin hannuna ya faɗa. Har yau akwai tabo biyu a yatsana na hagu.

Kayan aikinmu ba su da yawa: keji na roba mai murfin waya, kwalbar ruwa mai bututun ƙarfe, sikeli, tawada ta sa alama a wutsiya, randuna biyu da muke sayowa a kasuwar Maigatari, da littafi. Kowace safiya a taɓa bakin kowane bututu da yatsa a ga ruwa yana fitowa, saboda bututu yana toshewa kwalba na cike, ɓera ya mutu da ƙishi yana kallon ruwa. Ni sau biyu nake taɓawa. Sau da yawa na kai har bakin titi sai in juyo in sake duba sakatar ƙofa, ko da yake ban taɓa samun ta a buɗe ba. Ranar Juma'a in na dawo daga masallaci sai na canza riga na wanke hannu kafin in shiga, don ƙanshin turare yana tayar musu da hankali.

Masu sayenmu yawanci ɗalibai ne, kuma ɗalibi kullum a makare yake. Zai kira yau ya ce yana son maza talatin masu nauyi ɗaya gobe da safe, kamar tumatir yake saye. Malam ba ya sayar wa kowa sai ya ga takardar izini daga makarantarsa. Wani ya taɓa ƙin sayen kejin tafiya, ya ce kwalin taliya ya ishe shi. Kafin motarsu ta kai Gagarawa ɓerayen sun huda kwalin sun bazu ƙarƙashin kujeru, direba ya sauke shi a bakin hanya da kwalinsa. Ya dawo da bakwai daga cikin goma, yana neman mu ba shi haƙuri.

Na taɓa zuwa wajen limamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin wannan aiki, tun da ƙarshen yawancin ɓerayen nan mutuwa ce a hannun mai bincike. Ya ce in neman magani ake yi, kuma ba a azabtar da dabba, bai ga laifi ba. Na riƙe wannan sharaɗin. Ba a taɓa yanka ɓera a ɗakinmu ba sai an yi masa allurar barci, an matsa ƙafarsa an ga bai motsa ba.

Kiwon tsofaffi shi ne aikin da ya fi kowanne wuya, kuma Malama Hadiza ce ta kawo mana shi. 'Yar garin nan ce, tana koyarwa a wata jami'a, tana kuma neman digirinta na ƙarshe. Binciken da take yi a kan ciwon mantuwa ne, wanda mu muke ce wa gigin tsufa, inda dattijo zai manta sunan 'ya'yansa ko hanyar gidansa. Ta ce mini ba tsufa ne kawai ba, cuta ce. Akwai wani sinadari da jiki ke yi da kansa, sai ya riƙa naɗewa ba daidai ba yana dunƙulewa a ƙwaƙwalwa kamar gudaji a kunu, har ya toshe hanyar da saƙo ke bi. Ita so take ta san me ke fara wannan dunƙulewar. Ba za a buɗe kan mutum a duba ba, shi ya sa ake dubawa a ɓera. Kuma ƙaramin ɓera ba zai yi mata ba, sai wanda ya kai wata ashirin, wato dattijo a shekarun ɓeraye. A makarantarsu babu wurin da za a ajiye mata keji har tsawon haka, sai ta kawo aikin wurinmu, tana zuwa duk bayan mako biyu.

Tsohon ɓera ba a sayensa a kasuwa, jiransa ake yi. Wata ashirin kana canza dusa, kana awo, kana duba ƙulli a ciki da kaikayi a kunne, kuma in ya mutu a wata na goma sha tara babu inda za ka samo madadinsa. Ashirin da huɗu muka rena mata har suka kai wata ashirin. Ta raba su gida biyu. Sha biyu ana yi musu ɗurar wani ruwan magani kowace safiya, wanda ke jawo irin waccan lalacewar a ƙwaƙwalwa. Sha biyu kuma ɗurar ruwa zalla. Ni nake yin ɗurar da siririn bututu, mako shida a jere. Bayan haka za a gwada tunaninsu a baho.

Bahon nan babba ne, ya kai faɗin tabarma. Ana cika shi da ruwa, a dama madarar gari har ruwan ya yi fari, a ɓoye ɗan dakali ƙarƙashin ruwan. Ɓera ya iya iyo amma ba ya so, don haka yana neman wurin tsayawa. In ya samu dakalin yau, gobe mai lafiya zai miƙe kai tsaye. Mai mantuwa kuwa sai ya yi ta kewaya gefe kamar bai taɓa shiga ba. Da abin da ke jikin bango yake gane hanya, har da mutumin da ke tsaye. Saboda haka kwana biyar ina tsayawa a wuri ɗaya da shuɗiyar riga ɗaya, ba tari ba gyaran hula, Malama tana riƙe da agogo. In an gama sai ta cire ƙwaƙwalen ta sa a kula da ƙanƙara ta tafi da su makaranta, inda ake auna sinadarin.

Mummunar shekararmu ta faɗo daidai kan waɗannan makonni shida. Bazara ta yi tsawo, ruwa ya ƙi sauka, batirin solar da ke juya mana fanka ya mutu. Ana cikin haka babur ya kayar da Malam Isiyaku ya karye a cinya, aka kai shi wajen mai ɗori a Gagarawa. Ɗaki biyu suka rage a hannuna ni kaɗai. Na rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a tagogi, ina yayyafa musu ruwa kowace sa'a, na sauko da kejin tsofaffin ɓerayen zuwa layin ƙasa. Duk da haka, a mako na huɗu sha biyun da ke shan maganin suka yi laƙwas. Gashinsu ya tashi, abinci sai su shinshina su bari. Sikeli yana nuna mini suna raguwa kullum.

A gidanmu a Ɗanzomo, in akuya ta ƙi cin abinci, ba wanda ke tambayar kowa, jar kanwa ake jefa mata a ruwa. Haka na ga mahaifina yana yi, haka maƙwabta. Ina da ragowar wadda na sayo wa ragona a Maigatari. Na ɓalli kamar ƙwayar gyaɗa na jefa a randa ɗaya, na riƙa cika kwalaben marasa lafiyar daga ita, masu lafiyar kuma daga ɗaya randar. Kwana tara na yi haka. Na san doka sarai: ba a canza abinci, ba a ba da magani sai da izini. Amma a wurina kanwa ba abinci ba ce, ba kuma magani ba ce, gyaran ruwa ce kawai, kamar yadda ake sa randa a inuwa. Ko a littafi ban rubuta ba, ni da nake rubuta har ranar da na canza tsintsiya. Ɓerayen suka farfaɗo, ruwan sama ya sauka, ban rasa ko ɗaya ba. Har ina jin na yi abin kirki.

Da aka zo gwajin baho, masu shan maganin suka riƙa samun dakali kusan daidai da sauran. Malama ta duba agogonta, ta duba kwalbar maganin, ta sa na nuna mata yadda nake ɗurar. A rana ta biyar ta tambaye ni ko akwai abin da ya shiga bakinsu ban da abincinsu da ruwa. Na ce babu, kuma har ga Allah a lokacin gaskiya na ɗauka na faɗa. Ta ce to, watakila abin da ta gano ke nan, cewa tsofaffi ba sa kamuwa yadda ake zato. Ta ce jibi za ta cire ƙwaƙwalen ta tafi.

Washegari da hantsi ina wanke randuna, sai na ga wani farin abu ya daskare a gindin ɗaya, ɗayar kuwa fes. Na tsaya da soso a hannu. Randa biyu, ruwa iri biyu, kuma an raba su daidai yadda aka raba ɓerayen. Ban ƙarasa wankin ba na hau mota zuwa Gagarawa.

Na tarar da Malam Isiyaku kwance a zaure, ƙafa ɗaure da karare. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya tambayi kwana nawa, na ce tara. Ya tambaya ko na rubuta, na ce a'a. Na ce masa watakila kanwar ba ta yi komai ba, tun da kaɗan ce.

Ya ce, "Watakila. Kai ka sani?"

Na ce ban sani ba.

"To ita ma ba za ta sani ba, kuma ita za ta sa hannu a takarda. Kai ka jefa, kai za ka je ka faɗa. Ni ƙafa ɗaya gare ni."

Na ce in ta kwashe aikinta fa, sauran mutanen jami'a ma za su ji. Ya ce to sai mu koma kiwon zabi, ya juya fuskarsa bango.

Bayan la'asar na isa gidan mahaifinta, inda take sauka. Alhaji tsohon ma'aikacin kotu ne, yana zaune a dakalin ƙofar gida cikin farar riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na faɗa masa. Kafin a yi mini sallama da Malama ya sake tambayata sau biyu, kowane karo kamar yanzu na iso. Da ta fito muka tsaya a soro, na faɗa mata komai tun daga ragona.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta tambayi girman abin da na jefa, da ko randar nakan ƙara mata ruwa ko sai ta ƙare, ta ce in kawo mata ragowar kanwar. Na ce ko za a iya cire lissafin kwana taran a yi amfani da sauran. Ta girgiza kai.

"Malam Haladu, kanwa tana iya kashe kaifin maganin a cikinsu, tana iya ƙara shi, tana iya barinsa yadda yake. Ban san wanne ba ne. Da a ce duka ashirin da huɗun ka ba, da da sauƙi."

Na ce ta yi haƙuri.

Ta ce, "Haƙuri ya zama dole. Wata ashirin ne suka tafi. Amma da ka yi shiru, da na rubuta ƙarya da sunana, wani ya karanta ya ɗora nasa aikin a kai." Ta leƙa waje wajen mahaifinta, ta dawo da kallonta kaina. "Ɓerayen da ke bi musu a girma watansu nawa?"

Na ce shida.

"Saura sha huɗu ke nan."

Ba a yi asarar tsofaffin nan gaba ɗaya ba, ta ba ɗalibanta sun koyi aikin fiɗa da su. Amma digirinta ya ja baya da fiye da shekara. Daga baya na ji cewa Farfesan da ke duba aikinta ya yi faɗa sosai, ya ce ta kwashe komai daga hannun mutanen ƙauye. Ban san me ta ce masa ba. Na dai san wata sha huɗun nan kullum ina sauraron ranar da mota za ta zo ɗaukar kejin. Na fasa randar kanwar, na sayo sabuwa, kuma tun daga ranar ruwan ɗaki duka daga randa ɗaya yake fitowa. Malam ya dawo yana dogara sanda, ya gyara solar, bai sake tayar da maganar ba sai in ya ga ina ba ragona ruwa, ya ce a dai kula kada maƙwabtansa na keji su sha.

Da ɓerayen suka cika wata ashirin, Malama ta zo da sabon tsari. Ta ce wannan karon ba ta so ta san waɗanne ne ke shan maganin, don kada idonta ya karkata wajen riƙe agogo. Ni zan raba su ta hanyar ƙuri'a, in rubuta lambobin a takarda, in liƙe a ambulan, kada in faɗa wa kowa sai an gama baho. Na ce mata ko Malam Isiyaku ya riƙe. Ta ce ni take so. Mako shida ambulan ɗin yana aljihun ƙirjina, har ya yi laushi saboda yawan taɓawa.

Ranar gwaji ta uku Farfesan da kansa ya iso Gumel, dogon mutum mai furfura, ya ce ya zo ya ga ɗakin da ake ta magana. Ya duba dusa, ya taɓa bututu, ya buɗe littafina ya karanta shafi da yawa. Malama ta fita ɗebo madara, sai ya matso kusa da ni ya nuna wani keji da haɓa, ya ce waɗannan su ne masu maganin, ko?

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ce kada in faɗa sai an gama."

Ya ce, "Ai ni na ce ta yi hakan. Ni ne malaminta."

Na ce, "To ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin dalili."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli Malam Isiyaku da ke zaune bakin ƙofa, ya ce wannan ne mai kanwar? Malam ya ce shi ne. Farfesa ya yi dariya har da tari, sai na roƙe shi ya koma bayan labule, domin ɓerayen ba su saba ganinsa a wurin ba. Ya koma.

A rana ta biyar da aka tsamo na ƙarshe aka goge shi da tawul, na miƙa wa Malama ambulan. Ta zauna a kan benci da takardarta a cinya ɗaya, tawa a ɗaya, tana bin lamba-lamba da biro. Ni ban san abin da ta gani ba, kuma ba aikina ba ne in sani. Na tsaya ina jiran a ce wata lamba ta ɓace ko ta maimaitu. Ta kai ƙarshe, ta koma sama ta sake bi. Sannan ta ninke takardun ta sa a jaka.

Ta ce, "Malam Haladu, akwai na yaye a wannan watan?"

Na ce akwai.

"A ware mini ashirin da huɗu."

Da la'asar na ware su, 'yan kwana ashirin da ɗaya, kowanne bai fi babban yatsana ba. Na sa musu alama a wutsiya, na jera su a layin ƙasa inda ya fi sanyi, na buɗe sabon shafi na rubuta wata na ɗaya.